Yayen Amiru

"Waɗannan ai na ragwaye ne," in ji Barista Rakiya, ta turo wa Muhsina takardar ta kan tebur da ɗan yatsa. "Ilimin laifuka da dokar ƙwadago? Wa ya ba ki shawarar nan? Faɗa mini sunansa in maka shi a kotu."

Muhsina ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. A bakin kujera take zaune, ba ta jingina ba, saboda Amiru yana goye a bayanta, barci ya sace shi tun a cikin tasi. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani bene da ke kallon kotu. An ɗauke wuta tun safe, taga a buɗe, ana jin masu keken rubutu a ƙasa suna buga wa mutane takardun rantsuwa.

"Ba wanda ya ba ni, Anti. Ni na zauna na duba lokutan lakca. Duka biyun da safe ake yin su. Kafin azahar na koma ɗaki."

"To, a Makarantar Lauyoyi ba lokutan lakca za a tambaye ki ba."

Tun suna makarantar kwana Rakiya take yi mata irin wannan faɗan, lokacin ita tana ajin ƙarshe, Muhsina kuma 'yar aji ɗaya mai kukan gida. Shekaranjiya rediyo ya sanar da cewa malaman jami'a sun janye yajin aiki. Ranar Litinin Muhsina za ta koma Zariya ta shiga shekararta ta ƙarshe a karatun lauya, kuma a wannan shekarar, ban da darussan dole, ɗalibi yakan zaɓi kwas biyu da kansa. Bayan digiri sai shekara guda a Makarantar Lauyoyi, inda ake zana jarrabawar da in mutum bai ci ba, digirinsa ado ne, ba zai taɓa tsayawa gaban alƙali da baƙar riga ba.

"Ki ɗauki dokar kamfanoni," Rakiya ta ci gaba. "Ki ɗauki cinikin filaye da rubuta yarjejeniya. Su ne ramin da mutanenmu ke faɗawa a can. Malaman can gudu suke yi, sun ɗauka kin taho da abinki daga jami'a. Ni nan da kike gani na kauce wa cinikin filaye don in gyara sakamakona, na je can na iske shi yana jira na a ƙofa. Sai da na sake zama. Shekara guda ina wanke-wanke a gidanmu, ƙannena suna leƙowa suna cewa, 'Barista, an gama da tukunyar?'"

Muhsina ta ɗan yi dariya, ta dafe ƙafar yaron don kada ya farka.

"Kuma ki dubi gari. Tun da soja suka koma bariki, duk wanda ya samu kujera fili yake saye, kamfani yake buɗewa da sunan matarsa. Nan abincin lauya yake. Ilimin laifuka! Ɓarawon akuya ne zai riƙe ki?"

"Na sani, Anti. Amma masu koyar da su lauyoyi ne daga Kaduna, sai sun tashi daga kotu suke zuwa. Daga la'asar har bayan magariba. Asabar kuma yini guda. Wa zan bar wa shi?"

Kamar ya ji ana maganarsa, Amiru ya motsa, ya fara ƙananan koke-koke. Ta kwance goyon, ta zaunar da shi a cinya. Ya miƙa hannu zai ɗauki biron da ke kan tebur, hannun rigarsa ya zame, tabon ya fito: daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, fari-fari, fatar ta tattare.

"Innalillahi," in ji Rakiya. "Mene ne wannan?"

"Ruwan zafi. Kafin yajin aiki. Na bar shi wurin matar da ke ɗakin kusa da nawa, ta sauke tukunya daga kan risho, ta juya za ta ɗauko murfi." Muhsina ta ja hannun rigar ta rufe wurin. "Ba laifinta ba ne. Nata uku ne, ga nawa."

"Su Mannir sun sani?"

"A'a."

Mannir shi ne uban yaron. Auren ya mutu tun Amiru bai iya zama ba, ba da duka ba, ba da zagi ba. Ya gaji da matar da rabinta ke Zariya, ita kuma ta ƙi ajiye karatun. Yanzu yana aiki a Abuja. A al'adar gari, matar da aka saka takan riƙe ɗanta har ta yaye shi, ranar yaye kuma a kai shi gidan ubansa, ya zama nasu. Jiya Mannir ya aiko da saƙo cewa tunda makaranta za ta koma, kuma yaro ya haura shekara da rabi, a yaye shi a kai wa mahaifiyarsa, Hajiya Delu, a Kambarawa.

Rakiya ta jingina da kujera tana kallon ta. "Wato ba kwas kika zo zaɓa ba. So kike ki ja shayarwa."

"Muddin yana shan nono ba mai karɓar sa. In na ɗauki na safe, na tafi da shi, na samu har ya cika shekara biyu."

"Ko ya daina sha ma ba mai karɓar sa, kin fi ni sani, kwanan nan kika karanta. Shari'a uwa ta ba wa riƙo. Ga kotunan nan an sake musu fenti an sake musu allo. Zama ɗaya zan karɓo miki shi." Ta juya biron a hannunta. "Amma alƙali zai tambaye ni inda yaron zai kwana in kin tafi Makarantar Lauyoyi. Can ba a shiga da goyo. Me zan ce masa?"

Muhsina ta miƙe, ta sunkuya, ta ɗora Amiru a baya, ta ɗaure zanen tamau.

"Yaushe ake rubuta sunaye?" Rakiya ta tambaya.

"Gobe da safe. Lauyoyin Kadunan ba sa ɗaukar kowa da kowa. Ƙawata Sumayya tana can gidansu a Zariya, ta ce in bugo mata waya kafin dare ta sa sunana a inda nake so."

"To, ni dai na faɗa miki. Kamfanoni da filaye." Ta rako ta bakin matakala, ta ja kumatun yaron. "Kai kuma, mai gayya mai aiki, ka bar uwarka ta zama mutum."

A gidansu na Ƙofar Marusa ta iske mahaifinta, Malam Babaji, a tsakar gida yana naɗa rawanin masallacin Juma'a. Ta sauke Amiru, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi rana, ya tambayi Barista da mutanen gidansu. Sai da gaisuwa ta ƙare ta ce, "Baba, maganar yaron nan ce."

Ba ta taɓa kiran sunan Amiru a gaban manya ba. Ɗan fari ne.

"Na ji saƙon Mannir," in ji shi.

"Anti Rakiya ta ce in aka je kotu, ni za a ba."

Malam Babaji ya saki jelar rawanin. Tsohon malamin Arabiyya ne, shi ya fara karantar da ita fiƙihu a wannan tsakar gidan tun kafin ta san akwai wani abu wai shi jami'a.

"Gaskiya ta faɗa. Littafi ke ya ba. Ni na biya miki wurin da bakina, ba zan ce yau ban san shi ba." Ya numfasa. "Amma Delu 'yar ƙanen ubana ce, Muhsina. In kin kai ta gaban alƙali ba zan hana ki ba. Ban dai san da wace fuska zan gaishe ta ba ranar da muka haɗu a gidan rasuwa. Kuma ko an ba ki, ina za ki kai shi? Da mahaifiyarki tana da rai…"

Bai ƙarasa ba. Ya koma kan naɗinsa.

"A bar mani shi mana!" Gwaggo Hure ce, yayar Malam, daga bakin ɗakinta. Tun rasuwar mahaifiyar Muhsina ta dawo gidan, kuma shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe mata gani. "Mi za ya gagare ni? Ni da na reni ubanki. Zo nan, Amiru, zo ka amshi gyaɗa."

Ta miƙa hannu da gyaɗar wajen turmin da ke kife a gindin bango. Amiru yana can ɗaya gefen, ya doshi rijiya da gudunsa na 'yan koyo. Muhsina ba ta san lokacin da ta tashi ba, sai jin sa ta yi a hannunta. Yaron ya ɗauka wasa ne, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ka ga ja'iri, ya ƙi zuwa," in ji Gwaggo Hure, har yanzu tana kallon turmin.

Malam Babaji ya dubi 'yarsa, ita ma ta dube shi. Ya ɗauki darduma ya fita.

Da la'asar ta yi wa Amiru wanka, ta sa masa wata rigar mai dogon hannu, ta tari tasi zuwa Kambarawa. A hanya ta riƙa shirya maganarta kamar yadda ake koya musu a aji: a fara da abin da ba a jayayya a kai, a bi da hujja, a ƙare da roƙo. Ba za ta ambaci kotu ba. Za ta ce shayarwa shekara biyu ce cikakku, za ta ce ta riga ta tsara karatunta saboda shi, za ta ce a yi mata haƙuri zuwa bayan Babbar Sallah. Abin da zai biyo baya, Allah Ya san shi.

Hajiya Delu tana zaune a kan tabarma a gindin mangwaro tana tsintar shinkafa. Da ta hango su ta ture faranti.

"Lale, lale! Maigidana ya zo. Ina cefanen? Kullum haka kake zuwa hannu rabbana, ni wanga aure ya ishe ni."

Amiru ya san ta. Ya zillo tun ba a gama kwance shi ba, ya faɗa jikinta. Muhsina ta durƙusa a gefen tabarma.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau, ɗiyata. Ina gajiya? Ya Malam? Ya idon Hure?"

"Da sauƙi. Suna gaishe ki. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta zama abokiyar zama. Hau tabarma mana, kin tsaya a ƙasa kamar baƙuwa."

Ba ta taɓa daina ce mata ɗiyata ba, ko ranar da takardar saki ta iso. Wannan ne ya sa maganar da Muhsina ta shirya a tasi ta watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Hajiya, roƙo na zo yi. A bar mini shi ya cika shekara biyu."

"Wa ya ce za a amshe shi da ƙarfi?"

"An aiko jiya."

"Mannir ya yi maganarsa. Ni ba Mannir ba ce."

Hajiya Delu ta gyara wa yaron zama a cinyarta. Ba tare da ta dubi Muhsina ba, ta kama hannunsa na dama, ta naɗe hannun rigar a hankali har gwiwa. Ta ɗora babban yatsanta a kan tabon tana shafawa.

"Tun ranar Sallah na gani," in ji tsohuwar. "Ana wanga zafi, kowane yaro da 'yar shimi, nawa da dogon hannu har da maɓalli. Da kika shiga alwala na duba."

"Hajiya, wallahi…"

"Ban tambaye ki rantsuwa ba. Ban gaya wa ubansa ba, kuma ba zan gaya mashi ba. Wadda ba ta taɓa ƙona ɗa ba, ba ta yi reno kusa da murhu ba." Ta sauke hannun rigar, ta ɓalla maɓallin kamar yadda ta same shi. "In kin ce ki tahi da shi Zariya, ga hanya nan, ni zan tare Mannir. Ki gaya mani dai wanda za ya riƙe shi in kin shiga aji."

"Na canja tsari. Darussan safe zan ɗauka. Kafin azahar na dawo."

"To. Wancan karon da dare ne?"

Muhsina ta tuna yadda aka leƙo ajin aka kira ta, rana ko tsaka ba ta yi ba, malamin yana tsakiyar bayani. Ta tuna gudun da ta yi da takalmi ɗaya.

"Da hantsi ne," ta ce.

Hajiya Delu ta jawo farantin shinkafarta.

Amiru ya sauka ya shiga yawo a tsakar gidan, yana bin wata kaza mai 'ya'ya. Muhsina ta bi shi da ido, kuma ba da niyya ba ta tsinci kanta tana duba gidan kamar yadda take duba duk inda za ta ajiye shi. Rijiya da murfin ƙarfe, an garƙame da kwaɗo. Madafa da guntun ƙyaure, an sakaya shi. Ba risho a ƙasa, ba wuƙa a bakin turmi. Ƙofar waje tana da sakata sama, inda hannun yaro bai kai ba. Ta nemi abu ɗaya da za ta ce bai yi ba, ta rasa. Kwaɗon rijiyar sabo ne, ko tsatsa bai fara ba.

"In ya ce zai tafi da shi Abuja fa?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa. "In ya yi aure."

"Muddin ina numfashi, nan za ya zauna."

Muhsina ta san kwalaben maganin hawan jini da ke jere a kan tagar ɗakin Hajiya, ita ma Hajiya ta san ta sani.

"Ba zan ce maki ba ciwo," tsohuwar ta ce can. "Kafin uban Mannir na yi wani auren. Ɗana na fari, Lawal, ranar yaye aka zo aka ɗauke shi, ina ɗaka ina ji. Ba wanda ya tambaye ni. Ke ga shi ana tambayar ki. Ban san wanne ya fi sauƙi ba."

Kazar ta juyo ta yi wa Amiru barazana, ya ja da baya ya faɗi zaune, ya dubi uwarsa ya ga ko abin kuka ne. Ta girgiza masa kai. Ya tashi ya ci gaba.

Ta yi lissafin da take gudu tun safe. In ta ɗauki na safe, ta samu 'yan watanni tare da shi a ɗaki guda mai risho a bakin ƙofa, a hannun duk wadda ta yarda ta riƙe shi. Bayan nan yaye yana nan yana jira, Makarantar Lauyoyi tana nan tana jira, kuma za ta isa can ba shiri. In ta faɗi jarrabawa, ba ɗa, ba baƙar riga, ba ɗakin kanta da za ta ce wa kowa ga inda zai kwana.

"Yau Juma'a ce," ta ji bakinta ya faɗa.

Hajiya Delu ta ɗago. Ranar Juma'a ake yaye, kowa ya sani.

"Ba sai yau ba, ɗiyata. Ki koma da shi, ki kwana biyu, wata Juma'ar sai a kawo shi."

"Litinin zan tafi. Kuma in na koma da shi gida yau, ba zan iya kawo shi ba."

Tsohuwar ta dube ta, sannan ta yunƙura ta tashi, ta ce bari ta leƙa maƙwabta a karɓo rubutun yaye wurin Malam Shehu, ta dama kunu. "Ki shiga ɗaka," ta ce, ba ta juyo ba. "Akwai sauro a nan."

Ba sauro. Muhsina ta gane, ta ɗauki yaron ta shiga.

A bakin gadon Hajiya ta zauna ta ba shi nono. Ya kama da ƙarfi kamar kullum, hannunsa ɗaya yana wasa da kunnenta, ƙafarsa tana dukan cinyarta. Ta ƙare masa kallo: gashin da ya murɗe a bayan kunne, ƙurjin da sauro ya bari a goshi, farcen da ta manta ba ta yanke ba. Ta sa haƙori ta gutsure farcen a hankali. Da ya saki ɗaya ta juya shi ɗayan, ko da yake ta san ya ƙoshi. A nan, da ba kowa, ta kira sunansa. Ya ɗago ido ya dube ta bai saki ba, ya yi mata murmushi da nonon a baki.

Da suka fito Hajiya tana fifita kunu a ƙaramin kofi. Muhsina ta ajiye shi kusa da ita, ta tsaya tana kallon bishiyar mangwaron, don ba a yi wa suruka bayanin ɗan fari ido cikin ido.

"Ba ya shan kunu da zafi, sai ya huce sosai. In an sa tsamiya da yawa yana ba shi zawo. Wurin nan ana shafa masa man kaɗe safe da dare, in ba haka ba yana yi masa ƙaiƙayi ya sosa har ya fashe. In zai yi barci sai ya kama kunnen mutum. Yana tsoron akuya, amma ba ya tsoron wuta, har yanzu bai…"

"Muhsina. Bakwai na rena."

"Na sani, Hajiya."

"To faɗi sauran."

Ta faɗi sauran. Allurar rigakafin da ta rage, da takalmin da ya fara matse shi, da kalmar da yake faɗa in yana son ruwa, wadda ba mai gane ta sai ita. Ta ce gobe za a kawo kayansa. Hajiya Delu tana ji tana gyaɗa kai, tana ɗura rubutun a cikin kunun.

"Bar mani zanen goyon," ta ce. "Da ƙamshinsa za ya yi barci."

Muhsina ta ninke zanen ta ajiye a kan tabarma.

"Maigida, zo mu ga 'yan tsaki a bayan ɗaki. Zo ka ƙirga mani dukiyarka, kada a cuce ka." Tsohuwar ta kama hannunsa, suka nufi lungu, tana ɗingishi yana tsalle. Da hannun da ke bayanta ta yi wa Muhsina alama.

Haka ake yi. Uwa ba ta sallama, sulalewa take yi. Muhsina ta ɗauki takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta zare sakatar a hankali, ta ja ƙofar. Sai da ta kai bakin kwalta ta tuna ba ta sa takalman ba.

Shagon buga waya yana kusa da gidan waya, wata mata mai jiki ce ke tsaron sa, da 'yar rediyo a gefenta ana ta muhawarar 'yan majalisa. Mutum biyu ne a gabanta. Ta jira a tsaye, bayanta yana jin iska ta inda ba ta saba ji ba. Da layi ya zo kanta ta ba da lambar gidan su Sumayya, matar ta buga, ta miƙo mata kan wayar.

"Ke 'yar Katsina, sai yanzu?" Muryar Sumayya ta taso da ƙara, layin yana shuuu. "Tun azahar nake gadin wayar nan, Babanmu har ya fara zargi. To, na safen ko? Laifuka da ƙwadago?"

"A'a. Ki sa ni a kamfanoni. Da cinikin filaye."

"Me? Ƙara faɗa, layin ba kyau."

"Kamfanoni da filaye."

"Ikon Allah! Ke da kika ce ko da kuɗi aka haɗa ki da su ba kya so? Kin san sai bayan magariba ake tashi fa. Angon nawa fa, wa zai riƙe shi?"

Muhsina ta dubi bangon shagon, inda aka liƙa hoton wani ɗan takara da rana ta cinye rabin fuskarsa.

"Ki dai sa sunana."

"To, ɗakin naki na haya fa? Mai gidan tana ta tambaya."

"Ki ce ta ba wani. Ki nema mini gado a ɗakin kwanan ɗalibai."

Sumayya ta ce, a hankali, "Muhsina?"

"Sai Litinin," ta ce, ta ajiye.

Ta buɗe jaka za ta sallami mai shagon, sai ta ga matar ba hannunta take kallo ba, ƙirjinta take kallo. Muhsina ta duba. Gaban rigarta ya jiƙe, wuri biyu, har ya fara ratso mayafi. Ta ja mayafin ta ninka.

"Ayya, mai shayarwa ce," in ji matar tana dariya. "In ya zubo haka, yaro ne ke kuka a gida. Yi sauri, 'yar uwa, kada ya shiɗe."

"To," in ji Muhsina.

Ta fito. Ana ta haramar magariba, masu shaguna suna jawo ƙyamare. A gefen da take tsaye wata tasi ta rage gudu, direban ya leƙo yana kira, "Kambarawa, mutum ɗaya! Kambarawa!" Ya tsaya daidai gabanta, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar baya.

Ta tsaya riƙe da mayafin a ƙirji har ya gaji ya yi tsaki ya ja ƙofarsa. Sannan ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi, ta tsaya a inda motocin Ƙofar Marusa ke tsayawa.